Baƙon da ke kulle ƙofa: yadda bairos ɗaya ke hana wani shiga jikin bakteriya

Akwai wasu faranti biyu da har yau ban manta da su ba. Muna shekarar ƙarshe a karatu, cikin damina, na je bakin wani kwalbati a Gusau can ta wajen kasuwa na ɗebo ruwan kwata a 'yar kwalba, wata tsohuwa mai saida ƙuli-ƙuli tana kallona har ta kasa haƙuri ta ce "ɗana, mi za ka yi da wanga ƙazamin ruwa?" Na ce Inna gwaji za a yi. Na kai lab na tace shi da matata mai ƙanƙanin ido wadda bakteriya ba ta iya ratsawa, sai abin da ya fi ta ƙanƙanta. Sannan na haɗa tataccen ruwan da bakteriya iri biyu, duk E. coli ne, wato wata bakteriya da ke zama a hanji, ɗaya wadda muke ajiye da ita a lab ɗaya kuma wadda anka samo daga fitsarin wani mara lafiya, na zuba kowace a farantinta na sa a inkubeta na tafi gida ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Da safe na ɗaga farantin farko ga hasken taga sai ga huji-huji ko'ina, kamar yadda yayyafin farko ke yi wa rairayi, kowane huji wuri ne da tarin bakteriya sunka mutu. Na ɗaga na biyu, bakteriya ta rufe farantin ruf kamar an shafa kindirmo, ko huji ɗaya babu. Ruwa ɗaya, kwalba ɗaya, hannu ɗaya ya zuba.

Na ɗauki farantan na kai wa malaminmu na ce Malam ina ga na ɓata aikin. Ya juya su ya duba ta baya ya duba ta gaba, ya ce ba ka ɓata komai ba, abubuwa da yawa na iya kawo haka, amma tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, ko wagga ta biyun tana da baƙo a ciki tun kafin naka ya iso. Wallahi a lokacin ban gane ba. Baƙo kuma? A cikin bakteriya?

To shi ne abin da nake son mu warware yau, don na ga ana ta maganar za a koma amfani da bairos wajen kashe bakteriyar da ta gagari magani, ana yaɗa ta kamar abu ne mai sauƙi, ka zuba bairos ya cinye cuta shi ke nan. Ba haka abin yake ba.

Da farko dai, bakteriya ma tana da nata ciwon. Akwai bairos da ba ruwansu da ɗan Adam ko dabba ko tsiro, bakteriya kawai suke kamawa, ana ce musu bakteriyofaj, wato mai cin bakteriya, mu dai a lab faji muke cewa. Frederick Twort ya fara lura da su a Ingila a 1915, sai Félix d'Hérelle a Faris a 1917, shi a bayan gidan masu atini ya gan su kuma shi ya raɗa musu sunan. Yawansu ya wuce hankali, ƙiyasin da masana ke yi shi ne ka rubuta 1 ka jera mata sifili 31, sun fi duk wani abu mai hayayyafa yawa a duniya. Shi faji galibi ba komai ba ne illa DNA da anka ƙunshe cikin kwanson furotin, da yawansu suna da kai da wutsiya. Ba ya ci ba ya sha ba ya iya haihuwa da kansa. Sai ya samu bakteriya ya lalubi wata ƙofa ta musamman a bangonta ya maƙale, ya tura DNA ɗinsa ciki kamar allura, kwanson ya tsaya waje. Daga nan bakteriyar ta zama masana'antarsa, ta bar nata aikin ta koma ƙera masa 'ya'ya, irin su fajin da ake kira T4 cikin kamar rabin awa sun gama, bakteriyar ta fashe 'ya'ya ɗari ko fiye su fito kowa ya nemi tasa. Hujin da na gani a farantin farko ke nan.

Yanzu ka duba ta ɓangaren shi fajin. Ya sha wahala ya samu gida, abincin gidan ƙididdigagge ne, ga wasu dubbai na yawo a waje suna neman inda za su faɗa. In wani ya shigo to an raba ganima ke nan. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Waɗanda sunka fara ganin wanga rikici ƙuru-ƙuru su ne Max Delbrück da Salvador Luria a Amurka a 1942. Abin da sunka so yi daban ne, sun so su sa faji iri biyu cikin bakteriya ɗaya da fatan mai saurin zai fasa ta da wuri su leƙa su ga yadda ɗayan ke girma a ciki. Sai kawai sunka ga bakteriyar iri ɗaya take fitarwa, wanda yanzu ake kira T2 ya danne wanda ake kira T1, ko ɗuriyarsa babu. Daga baya anka fahimci wani ɓangare na dalili. Su dangin T2 da T4 da zarar sun shiga sai su kashe aikin mai gidan gaba ɗaya, su saki wasu almakashi na furotin da ke daddatsa DNA, nasu DNA ɗin kuma sun riga sun sauya masa kama, ɗaya daga cikin haruffansa huɗu sun yi masa kwaskwarima har da liƙa masa sukari, don haka almakashin ba ya ganinsa. Na mai gida kuwa da duk wani DNA na gama-gari da ya faɗo ciki, yana cikin hatsari. Kamar wanda ya zuba guba a rijiya bayan shi ya sha makarinta.

Amma wannan dabara ba za ta yi aiki kan ɗan'uwansa na jini ba ai, tunda shi ma irin rigar gare shi. T4 ya zai hana wani T4? Renato Dulbecco ya nuna a 1952 cewa 'yan mintoci kaɗan bayan na farko ya shiga, na biyu ko da danginsa ne ba ya samun rabo. Ƙwayoyin gado biyu ne ke wannan aiki, wato yankunan DNA masu ɗauke da umarnin ƙera furotin. Ta farko sunanta imm, tana ƙera wani ɗan ƙaramin furotin da ke zama a tantanin ciki na bakteriyar, in sabon faji ya turo DNA ɗinsa sai ya maƙale tsakanin bango da tantani, soro ke nan bai kai cikin gida ba, a nan wasu almakashin mai gida za su daddatse shi. Ta biyu sunanta sp, ita kuma can bakin wutsiya take tarar abin, don a tsinin wutsiyar T4 akwai wani sinadari da ke narka bangon bakteriya ya huda hanya, sai furotin ɗin sp ya kama shi ya dakushe shi. Ƙofa biyu, sakata biyu.

Abin da ya fi burge ni a nan, T4 na farko ba kora kawai yake yi ba, labari yake ɗauka daga bakin wanda ya kora. Tunda har wani T4 ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da an riga an shiga, alama ce waje ya cika da 'yan'uwa, gidaje sun yi ƙaranci, in ya fasa yanzu ya saki 'ya'yansa ba su da inda za su. Sai ya jinkirta. Akwai furotin mai suna T wanda aikinsa huda tantani in lokacin fashewa ya yi, sai wani furotin daga ƙwayar gadon rI ya riƙe shi ya hana shi, maimakon rabin awa sai a kai awoyi, 'ya'yan na ta ƙaruwa a ciki ninki-ninki. August Doermann ya bayyana wannan a 1948. Manomin da ya ga kasuwa ta cika da hatsi ya mayar da nasa rumbu, haka nake fahimtarsa.

Duk waɗannan masu fasa gida ne. Baƙon da Malam ke nufi wani iri ne daban, kuma a nan maganar ta fi zurfi.

Akwai fajin da in ya shiga yana da zaɓi biyu, ko ya fasa nan take ko ya kwanta. Wanda anka fi nazarta shi ne lamda, wanda Esther Lederberg ta gano a farkon shekarun 1950 kwance cikin E. coli da ake ta aiki da ita a lab ba wanda ya san yana nan. DNA ɗinsa haruffa 48,502 ne. In ya zaɓi kwanciya sai ya saƙa DNA ɗinsa cikin na bakteriyar, ya zama kamar wani yanki na jikinta, duk lokacin da ta rabu biyu 'ya'yanta su gaje shi, jikoki su gaje shi, haka har illa masha Allah. Abin da ke riƙe shi a kwance ƙwayar gado ɗaya ce mai suna cI. Furotin ɗinta na zama kan wasu wurare na musamman a DNA ɗin lamda ya toshe duk ƙwayoyin gadon fashewa, kamar dutsen da anka ɗora kan murfin rijiya. To shi wanga furotin ba guda ɗaya ba ne a cikin bakteriyar, akwai rara na yawo. Don haka in wani sabon lamda ya shigo daga waje, kafin ya ce uffan rarar ta hau kan nasa DNA ɗin ta toshe shi shi ma. Ka ga abu ɗaya ya yi aiki biyu, ya kwantar da na ciki ya kuma rufe bakin na waje. Shi ya sa hujin da lamda ke yi a faranti ba garau yake ba, da duhu-duhu a tsakiya, waɗanda sunka karɓi baƙon ne ke ci gaba da girma a wurin ba abin da ke taɓa su. Ita kanta c ɗin da ke sunan cI daga kalmar Turanci mai nufin garau ta fito, saboda in ƙwayar gadon ta lalace hujin garau yake fitowa.

Sai dai kariyar tana da iyaka, don makulli ne da kuba. Furotin ɗin cI na lamda jerin haruffan lamda kawai ya sani. Akwai wani faji mai suna 434, dangi ne na kusa ƙwarai, amma wurin da furotin ke zama a nasa DNA ɗin ya bambanta, sai ya shige abinsa ya fasa gidan. Ko shi lamdan kansa, in anka samu sauyi a 'yan haruffan da furotin ke kamawa, ya zama ba ya jin magana.

Kuma kada a ɗauka zaman amana ne. André Lwoff ya nuna a Faris a 1950 cewa in ka haska wa irin wagga bakteriya hasken da ke lalata DNA, baƙon sai ya farka. Da zarar ya ji gidan na shirin rushewa furotin mai riƙe da shi ya tsinke, ya fice daga DNA ɗin mai gida ya hayayyafa ya fasa ta. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan mai tsaron da shi ne kuma barazanar, ƙauyuka nawa ne anka ɗora wa haraji anka ce ba wanda zai taɓa ku, alhali wanda ya yi alkawarin shi ne abin tsoron. Ban kawo misalin da wasa ba, shi ne ya fara zo min a rai ranar da na fahimci abin. Kuma wannan farkawa ta shafi lafiyarmu kai tsaye, don wasu antibayotik irin su sifro, wanda mutane ke saye a kemis da zarar ciki ya murɗa, ta hanyar lalata DNA ɗin bakteriya suke aiki. Akwai wata muguwar E. coli mai sa gudawar jini wadda gubarta a cikin irin wanga baƙo take, in ka ba ta sifro baƙon na iya farkawa gubar ta ƙaru. Shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan da ita.

Yanzu ga ainihin inda nake son kai ku. A jikin cI ɗin nan, maƙwabtanta na kusa da ake karanta su tare, akwai wasu ƙwayoyin gado biyu, rexA da rexB. Waɗannan ba don lamda anka yi su ba, don baƙi na nesa ne waɗanda cI ba ta san su ba. Yadda masana sunka fi fahimtar abin, RexA ne mai gadi, shi ke jin cewa wani baƙon DNA na hayayyafa a gida, sai ya tayar da RexB wanda ke kwance a tantanin bakteriyar, shi kuma ya buɗe kafa, ƙarfin lantarkin da bakteriyar ke rayuwa da shi ya zube, komai ya tsaya cak. Mai kutse bai samu ya haihu ba, ita ma bakteriyar galibi ta tafi. Za ka ce to ina ribar? Ribar tana wajen 'yan'uwanta da ke kewaye, waɗanda duk kwafin lamdan nan ne kwance a cikinsu. Ɗaki ɗaya ya ƙone an tsira da unguwa. Har yau ana kan bincike a kan daki-dakin yadda furotin biyun ke aiki, shekara kimanin 70 bayan gano abin.

To gaba da gabanta. T4 cikakke ba ya jin tsoron rex, yana shiga bakteriya mai lamda ya yi abin da ya kawo shi ya fita. Dalili, yana da nasa ƙwayoyin gado biyu, rIIA da rIIB, masu karya wannan tarko. In ka lalata ɗaya daga cikinsu, sai ka samu T4 da ke girma lafiya lau a kan E. coli da ba ta da lamda, har hujinsa ya fi na kowa girma, amma ka ɗora shi kan mai lamda, shiru kake ji. Sunan rex ma daga nan ya samo asali, wato mai korar masu naƙasar rII. Ku tsaya ku duba wannan da kyau. In da a bakteriya mara lamda kawai kake gwaji, za ka rantse rII ba dole ba ce. In da T4 cikakke kawai kake gwadawa, za ka rantse rex ba ta tsinana komai. Kowace ƙwayar gado ba ta nuna amfaninta sai ta gamu da kishiyarta, kuma su biyun ba a jiki ɗaya suke ba, ɗaya tana cikin wani bairos ɗaya tana cikin wani, filin dagarsu kuma cikin halitta ta uku. A makaranta an saba koya mana ƙwayar gado kaza tana yin abu kaza, kamar jadawali. Ni dai tun da na gane labarin rex da rII na daina yarda da wanga jadawali yadda yake, tambayata kullum ita ce tana yin abu kaza a gaban wa?

Kuma wannan 'yar rigima tsakanin bairos biyu ta yi wa ilimi hidimar da ba a zata ba. Seymour Benzer a jami'ar Purdue ya ga cewa ai wannan rariya ce. Ka ɗauki T4 biyu, kowane da naƙasa a rII amma a wuri daban, ka haɗa su cikin bakteriya ɗaya mara lamda su yi musayar yanki, sannan ka zuba 'ya'yansu kan mai lamda. Duk masu naƙasa rex za ta share su, wanda ya dace ya haɗa lafiyayyun yankuna biyu kaɗai zai yi huji, ko da shi ɗaya ne cikin miliyan za ka gan shi da idonka. Da haka, daga 1955, ya jera dubban naƙasu ya zana taswirar cikin ƙwayar gado, ya nuna cewa ba dunƙulallen abu ba ce, doguwa ce mai gaɓoɓi da ake iya rabawa. A 1961 kuma Francis Crick da Sydney Brenner da abokan aikinsu a Kambirij sunka yi amfani da wagga rariya ɗin dai, suna ƙara harafi ɗaya ko su cire a cikin rIIB. Ƙara ɗaya ya ɓata saƙon, ƙara biyu ya ɓata, ƙara uku sai ga huji ya dawo. Da haka anka tabbatar DNA uku-uku ake karanta shi.

Dabarun kulle ƙofa ba su ƙare nan ba, zan ɗan ratsa wasu da sauri. Fajin da ake kira T5 ta wata ƙofar shigar da sinadarin ƙarfe yake shiga, mai suna FhuA, da ya shiga sai ya ƙera furotin da ke toshe ta, kuma wannan na hana 'ya'yansa ɓata kansu wajen maƙalewa a tarkacen gidan bayan ya fashe. P22 da ke kwanciya cikin bakteriyar Salmonella shi kuma kamannin bangon yake sauyawa, ya liƙa sukari a inda faji ke kamawa, na waje ya zo ya yi ta lalube bai gane gidan ba.

Sai kwalara, wadda ba baƙuwa ba ce gare mu, a 2021 kaɗai mutum sama da 100,000 anka yi zargin sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 sunka rasu, Zamfara da Kebbi duk sun ji a jika. Mutane da yawa ba su san cewa gubar da ke sa mutum ya tsiyaye ba asalin kayan bakteriyar ba ce, wani faji ne mai suna CTX da ya kwanta cikinta ya kawo, Matthew Waldor da John Mekalanos ne sunka nuna haka a 1996. A ɗaya gefen kuma akwai wani faji mai kashe bakteriyar kwalara, ICP1, da anka fi nazarta a samfuran marasa lafiya daga Bangaladash. Wasu daga cikin bakteriyar na ɗauke da wani guntun DNA da ake kira PLE, shi ba cikakken faji ba ne, kaska ce a jikin faji. Yana nan kwance ba ya motsi har sai ICP1 ya shigo, sai ya farka ya ƙwace kayan aikinsa ya ƙunshe kansa a ciki, bakteriyar ta mutu amma ko ɗan ICP1 ɗaya bai fita ba, sauran sun tsira. A 2013 Kimberley Seed da Andrew Camilli sunka gano cewa shi ma ICP1 ya yi shiri, wasunsu na ɗauke da CRISPR, makamin da anka sani na bakteriya ne na yaƙar faji, yanzu ga shi a hannun faji yana daddatsa PLE da shi. Wannan duk a cikin hanjin mai amai da gudawa yake faruwa.

Kusa da mu kuma akwai wata Salmonella da ake kira ST313, mai shiga jini, tana kashe yara masu fama da maleriya ko tamowa da manya masu raunin garkuwar jiki a Afirka kudu da Sahara. Masu bincike da sunka yi aiki kan wadda anka samo a Malawi sun wallafa a 2021 cewa tana ɗauke da baƙo mai suna BTP1, shi kuma yana da furotin BstA da ke hana wasu faji hayayyafa, bakteriyar da anka kutsa wa ta mutu sauran su tsira, irin salon rex. Abin sha'awar, ya baƙon zai yi ranar da shi kansa ya tashi fita, tarkonsa ba zai kama shi ba? Sai anka samu wani ɗan gajeren yanki a DNA ɗinsa, sunka kira shi aba, wanda ke kwance tarkon. Ya ɗana wa kowa, ya riƙe makullin a aljihu.

Ga dalilin da ya sa nake damuwa da wannan magana. Wani babban ƙiyasi da anka wallafa a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 1.27 sunka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin antibayotik, kuma in anka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba. Duk wanda ya taɓa zama a lab ɗin asibiti ya san takardar nan da ke fitowa an jera magunguna duk ba wanda ya ci. Don haka komawa ga faji ba maganar banza ba ce, a Tibilisi ta ƙasar Jojiya akwai cibiyar da ke wannan aiki tun 1923. Amma ka ɗauko faji daga wata ƙasa ka ce zai kashe bakteriyar da ke jikin mara lafiya a Talata Mafara ko Yawuri, ba ka san wane baƙo ke kwance cikinta ba, ba ka san ko ta sauya ƙofa ba, ba ka san ko da irin su rex ko BstA a ciki ba, to kana iya samun irin farantina na biyu, sai dai wannan karon ran mutum ne. Kuma in fajin da ka kawo irin mai kwanciya ne, abin ya fi muni, don maimakon ya kashe ta sai ya tare a ciki ya zama shi ne sabon mai gadinta.

An ga yadda ake kauce wa wannan a 2019, lokacin da anka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan da anka yi wa dashen huhu, wata bakteriya dangin ta tarin fuka ta bazu a jikinta magani ya gaza. Lab ɗin Graham Hatfull a Pittsburgh yana da tarin faji dubbai da ɗalibai sunka tattaro daga ƙasa da juji, anka bi su ana gwadawa kan bakteriyar yarinyar, uku kawai anka iya haɗawa. Ɗaya daga ciki, Muddy, daga jikin ruɓaɓɓen yalo anka samo shi a Afirka ta Kudu. Sauran biyun masu kwanciya ne, sai da anka cire musu ƙwayar gadon da ke aiki irin na cI, don kada su samu damar tarewa, sannan anka yi mata allurarsu, kuma ta samu sauƙi sosai. Lura da abin da aikin ya ƙunsa, tarin faji na gida da anka adana, da sanin wace ƙwayar gado ce ke hana wace. Na farkon ba ya buƙatar wasu manyan injuna, matata ce da faranti da inkubeta da firiji mai wuta tsayayya, kwatocinmu da mayankanmu da bakin gulbi a Argungu cike suke da faji da ba wanda ya taɓa duba su, kuma su ne sunka daɗe suna fafatawa da bakteriyarmu ta nan.

Ita kuwa bakteriyar farantina ta biyu, Malam ya sa na sake shuka ta a ruwan abinci, ya ɗiga mata wani sinadari mai taɓa DNA, munka bar ta. Bayan 'yan awoyi ruwan da ya yi gurɓi-gurɓi ya fara washewa. Na tace shi na zuba kan E. coli ɗinmu ta lab, washegari na ɗaga ga taga, sai ga ƙananan huji masu duhu-duhu a tsakiya, alhali ba ruwan kwata ko ɗigo a ciki, daga cikinta sunka fito. Na ce Malam ashe da gaske akwai baƙo. Ya ce akwai, amma kada ka rubuta cewa shi ya hana naka shiga, sai ka raba ta da shi ka sake gwadawa, ko ka sa shi cikin ta lab ɗin ka ga ko ita ma za ta rufe ƙofa. Ya miƙo min sabbin faranti guda shida ya ce in fara da na biyun.